Dokin Ƙofar da Na Goge

Ɗakin da na fara zama a Finland, a hoto na kama shi tun ina Zariya. Wani ɗan ƙasarmu ne ya turo min hotunan ta waya, mutumin da ɗalibai ke ce wa Ciyaman, ko da yake har yau ban ga ƙungiyar da yake shugabanta ba. A hoton ɗaki ne fes, ga gado, ga tebur, ga taga da farin labule rana na shigowa. Ni da na yi shekara shida ina karatun zanen gine-gine, ni da na san yadda ake raɓewa a kusurwa a ɗauki akurki ya fito kamar fada, ni ce na dubi hoton nan na ce alhamdulillahi.

Na sauka Helsinki da hantsi, na shiga jirgin ƙasa muka nausa arewa. Wuni guda ba abin da nake gani sai itatuwa iri ɗaya da tafkuna. Ba mai tallan dafaffen ƙwai, ba mai rake, ba wanda ya tambaye ni ina za ni. Mutumin da ke kujerar kusa da ni ya ciro burodinsa ya cinye tas bai ce min bismilla ba. Na ce a raina, to Habiba, kin zo.

A cinyata akwai wani dogon bututun kwali da ban yarda na sa a cikin kaya ba. Zanen sabon gidanmu ne a ciki, kuma shi ne ya samo min gurbin karatun, don haka bari in faɗi labarinsa tun yanzu.

Gidanmu a cikin birni yake, in ka shigo ta Ƙofar Doka ka yi ta bin lungu har ka fara tunanin ka ɓata. Kakanmu ya gina shi da ƙasa. Za ka fara shiga zaure mai rufin tulluwa, irin mai kumburi kamar an kife ƙwarya, sai shigifa, wato ƙaramin ɗakin da ke bin zaure, sai wani siririn lungu mai lanƙwasa kafin tsakar gida. Ƙofofi uku ne a hanyar, dukkansu gajeru sai ka sunkuya, kuma kowace da dokin ƙofarta mai tudu da sai ka ɗaga ƙafa sosai. Ni dai na tsani gidan nan. Duk shekara sai an yi yaɓe, duk damina sai mun jera kwanoni ƙarƙashin yoyo, ƙawayena na Gyallesu kuwa a kan tayil suke tafiya. Ina gama karatu na zauna na zana yadda za a rushe zaure da shigifa, a fitar wa ƙanena Sabi'u da shaguna uku a gaba, a miƙe hanya sambal mai faɗi daga ɗakin mahaifinmu har waje, ba tudu ba kwari, ba dokin ƙofa ko ɗaya.

Wannan na ƙarshen saboda Malam na yi shi. Malam shi ne mahaifinmu. Shekara arba'in ya yi yana ɗinkin babbar riga a bakin zauren nan har ido ya ƙare, kuma lokacin da nake zanen shekararsa tara ba ya gani. Littattafanmu sun ce ba a sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya, ni kuwa na bi littafi. Na san sarai cewa a shekara taran nan Malam bai taɓa riƙe sanda ba, ba a taɓa yi masa jagora ba, sau biyar a rana yake fita daga ɗakinsa zuwa masallacin unguwa ya dawo, da sauri ma kamar mai gani. Ban dai taɓa tambayar kaina yadda yake yi ba.

Shi ma ban tambaye shi ba, don ni ce 'yar fari. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna ya san da zamansa. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo Dije, yayarsa, a nan na girma. In zai yi magana a kaina sai ya ce “ta wajen Yaya”. Tsakanina da shi gaisuwa ce, in durƙusa in ce ina kwana, ya ce lafiya, in tashi. Sauran magana duk ta bakin Gwaggo take bi. Da aka kai masa labarin zanen, Gwaggo ta dawo ta ce ya ce Allah ya sanya alheri. Muka ce ya yarda, aka tsayar za a fara aiki in ruwa ya ɗauke.

Ciyaman bai zo tarbata a tasha ba. Adireshi ya turo, da bayanin inda zan sami makulli. Na ja akwati na isa, na ga gidan, na ga lambar ɗakin, sai kibiya ta nuna min ƙasa. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, jikin inda injin ɗumama gidan ke kwana yana gurnani. Gadon hoton na nan, teburin na nan, har farin labulen. Da na yaye labulen sai na ga tagar can sama dab da rufi, ba ta fi faranti ba, kuma takalman masu wucewa kaɗai ake gani ta cikinta. Warin danshi kuwa, hoto bai ɗauko shi ba. Na kira shi raina a ɓace, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Haba 'yar'uwa, Turai ce fa. Ki yi maneji.” Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Sati uku na yi ina maneji, har tari ya kama ni. Wadda ta fitar da ni wata Basomaliya ce mai suna Hodan, mai kantin naman halal da kayan yaji kusa da tashar bas. Na je sayen citta ina ta tari, ta ƙare min kallo ta ce, “A ina kike kwana?” Na faɗa mata. Ta ce, “Ramin nan? Ke ce ta huɗu.” Sai ta kulle kanti da tsakar rana, muka je muka kwaso kayana a motarta. Ɗakin 'yarta da ta yi aure ta koma Sweden ta ba ni. Muna shiga gidan ƙanshin turaren wuta ya buge ni, sai na tsinci kaina zaune a kan akwati ina kuka, abin da ban yi ba duk zamana a ramin. Hodan ta bar ni na yi mai isata, sannan ta kawo shayi.

Na zo ne in koyi ginin zamani, bene mai hawa talatin, ƙarfe da gilashi. Amma a zangon farko akwai darasi na dole kan tunanin da ke bayan gini, kuma wata tsohuwa ce ke koyar da shi, siririya, kanta fari fat, a kan keke take zuwa da takalmin roba na shiga ruwa. Ta ce mu kira ta Tuula kawai. Bakina ya ƙi, na riƙa ce mata Malama Tuula har ta haƙura. Ranar farko ta rubuta wata doguwar kalma a allo, finominoloji, ta juyo ta ce kada mu ji tsoro, sunan ne kawai babba.

Ta ce wasu masana falsafa ne a Jamus da Faransa, a ƙarnin da ya wuce, suka ga ɗan Adam ya yi nisa da abubuwan da ke gabansa. Mukan san sunan abu da awonsa da abin da aka faɗa a kansa, mu ɗauka mun san shi ke nan. Sai suka ce a ajiye wannan duka a gefe tukuna, a koma ga abin kamar yadda yake zo wa mutum mai jiki, wanda ke tsaye a wani wuri, yana da gaba da baya, yana jin sanyi, yana tuna jiya. Daga baya wasu masu zanen gini suka ɗauki maganar suka juyo da ita kan sana'armu. Suka ce mun mayar da gini abin kallo, muna zana shi daga sama kamar shaho, alhali ba wanda ke zaman gida daga sama. Da ƙafa ake shiga gida, da kunne, da hanci, da fata. A takarda ƙofa rata ce tsakanin layi biyu, amma mai gidan ya san nauyinta, ya san kukanta, ya san iskar da ke tarbarsa in ya buɗe.

Na rubuta duka don akwai jarrabawa. A raina kuwa cewa na yi, ikon Allah, na baro Zariya, na keto hazo, don a koya min shinshinar bango.

A sati na shida aka ce kowa ya kawo aikin da ya taɓa yi. Na baje zanena a bango ina ji da kaina, na nuna tsohon gida a hagu, sabo a dama, na yi bayanin Malam da yadda na share masa hanya. Malama Tuula ta daɗe tana kallo, hannu a aljihu.

Ta ce, “Mahaifinki ta yaya zai san ya iso ƙofa?”

Na ce, “Hanya a miƙe take, ba abin da zai tare shi.”

Ta ce, “Na gani, ba abin da zai tare shi. To me zai gaya masa inda yake?”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Malama, ku da kuke da wuta da ruwa da ɗumi a ɗaki, ginin ƙasa sha'awa yake ba ku. Mu da muka kwana muna tara kwano ƙarƙashin yoyo mun gaji da sha'awa.” Ajin ya yi tsit, don su ba sa yi wa juna irin wannan. Ita kuwa dariya ta yi. Ta ce gaskiyata, ita ma a gidan da bayinsa ke waje ta tashi, a cikin dusar ƙanƙara take zuwa, kuma ko da kuɗi ba za ta koma ba. Sannan ta ce, “Ban ce ki zauna da yoyo ba. Tambaya ɗaya na yi miki.” Na naɗe zanena na koma kujera.

Ƙarshen Oktoba ta kwashe mu a bas zuwa wani ƙauye da ake adana tsofaffin gidajen manoma, waɗanda aka gina da gumagumai. Ranar na fara ganin dusar ƙanƙara, kuma ban ga abin da ake yayi ba, sanyi ne kawai mai launi. Ta tsayar da mu gaban wani baƙin gida ta ce kowa ya cire safar hannu, za ta ɗaure masa ido da gyale, ya shiga shi kaɗai ya fito ya faɗi abin da ya sani. Wani dogon Bajamushe ne ya fara, ya buga goshi da saman ƙofa ji kake ƙum. Wata 'yar Spain ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar ta shiga da rarrafe. Aka yi ta dariya har aka zo kaina.

Na lalubo gefen ƙofar da hannun hagu, na ji katakon ya yi sulɓi a daidai inda hannuna ya sauka. Kafin in yi wani tunani kaina ya sunkuya, ƙafata ta ɗaga ta tsallake. Ban sa su ba, su suka yi abinsu. A ciki iska ta tsaya, ga warin tsohon hayaƙi, ga ƙasan ya ɗan gangara. Ina so in san girman ɗakin, sai na yi gyaran murya na kasa kunne in ji yadda zai dawo.

A nan na tsaya cak, don gyaran muryar nan ba tawa ba ce, ta Malam ce. Sau ɗaya yake yi a tsakiyar zaure, sau ɗaya a shigifa. Duk shekarun nan na ɗauka sanarwa yake yi, irin ta maigida in zai shiga gida don mata su kintsa. Ban taɓa lura cewa in zai fita ma yana yi ba, kuma sai bayan ya makance ya fara. Tulluwar zaure takan dawo masa da murya a dunƙule, shigifa ta haɗiye ta. Na tuna wani wuri a bangon lungu da ya yi baƙi yana sheƙi, daidai kafaɗarsa, inda yatsunsa ke shafa in zai karya kwana. Lokacin da nake auna gidan na rubuta a gefen takarda cewa datti ne. Na tuna dokin ƙofa uku, ɗaya, biyu, uku, sai waje. Ashe ba tuntuɓe ba ne a wurinsa, ƙirge ne. Ni kuwa na haɗa su duka a kwamfuta na danna maɓalli ɗaya na goge.

Da na fito Malama Tuula ta kwance min gyalen ta ce, “Kin taɓa shiga irin wannan gidan?”

Na ce, “A cikinsa aka haife ni.”

Abin da ya kamata in yi a ranar shi ne in kira Sabi'u in ce a dakata. Ruwa ya ɗauke a gida, amma ba a fara ba. Ban kira shi ba. Ni ce na tsaya gaban baffannina na kare zanen nan, ni ce unguwa ta fara kira Injiniya, yanzu kuma in bugo daga Turai in ce na shiga wani ɗakin manoma ido a rufe na sake shawara? Sai na bi hanyar da na saba, na kira Gwaggo.

Na ce, “Gwaggo, don Allah ki tambayar min Malam, tsakaninsa da Allah, yana son aikin nan?”

Ta ce, “Ke 'yar nan, sanyin ne ya taɓa miki kai? Ba ya ce Allah ya sanya alheri ba?”

“Ki dai sake tambaya.”

Bayan kwana biyu ta kira. Ta ce, “Ya ce abin da yara suka ga ya dace shi ne daidai. Ya ce kuma a gaya wa ta wajena ta mai da hankali ga abin da ya kai ta.”

Duk wanda ya tashi a birnin Zariya ya san wannan ba eh ba ce. Kara ce. In ya yaba aikina an ce ya nuna son ɗan fari, in ya hana ya kunyata riƙon yayarsa a idon dangi. Hanya ɗaya ta rage masa, ya yi addu'a ya yi shiru, kuma aikin mai hankali ne ya ji abin da ke cikin shirun. Na ji shi sarai. Sai dai amsar ta yi min daɗi, na karɓa na sa a aljihu, na ce zan kira Sabi'u in na miƙa aikin da ke gabana.

Kwana tara bayan haka ina tsaye a tashar bas, ƙarfe uku na rana amma gari ya riga ya yi duhu, saƙon Sabi'u ya shigo. Bidiyo ne. Ga mutane huɗu a kan zaure da diga, ana zaro azara ana jefowa ƙasa, ga muryarsa yana cewa, “Yaya, an fara! Wallahi tulluwar nan taurin kai gare ta, wuni suka yi kafin ta faɗa.” Na kalla har ƙarshe, bas ɗina ta zo ta wuce. Na rubuta masa, Malam fa? Ya ce yana ɗaki, an ce ya zauna ciki kada wani abu ya faɗo masa.

Daga nan sanyi ya kankama. Rana takan leƙo wajen sha ɗaya ta koma kafin biyu, azahar da la'asar da magariba su taru su cunkushe kamar fasinjojin Kano. Nakan fita da duhu in dawo da duhu. Gashin hancina ya riƙa daskarewa. Kewa ta dame ni, amma ba ta mutane ba sosai, don su ina jin su a waya. Abin da nake kewa shi ne sanyin zaure in ka shigo daga rana, da ƙanshin ƙasa in an yayyafa ruwa za a yi shara, abubuwan da na san yanzu ba su nan ko na koma. Wata rana muna gyaran kaji a kicin na ba Hodan labarin duka. Ta ce gidansu na Mogadishu shekara talatin ke nan da rushewa, amma har yau in ta shiga ɗaki hannunta hagu yake zuwa neman makunnin fitila, a nan kuwa a dama yake. Ta ɗauraye wuƙa ta ce, “Namu yaƙi ne ya rushe, ina da wanda zan tsine wa. Ke sai dai haƙuri.” Ba ta iya lallashi ba, amma ranar ita ta dafa min abinci.

A watan Fabrairu Gwaggo ta aiko da saƙon murya mai tsawo. Gaisuwa, sunan da aka yi a maƙwabta, wanda ya rasu, tsadar gero. Can ƙarshe ta ce, “Af, Malam ya ɗan zame a tayil ɗin nan ranar Laraba, amma ba wani ciwo. Ya kuma buga kafaɗa da ginshiƙi. Yanzu dai a ɗaki yake sallarsa, sai Juma'a Sabi'u ke kai shi in bai tafi saro kaya ba. An kawo masa sanda ya ce a ajiye. Gida kam ya yi kyau, kowa sai sa miki albarka yake.”

A wannan zangon na rubuta takarda shafi ashirin a kan zauren, sautinsa da sanyinsa da dokin ƙofarsa, da duk manyan kalmomin da aka koya mana. Ni na fi kowa maki. Malama Tuula ta miƙo min takardar ta ce aiki ne mai kyau, ta tambaye ni ko akwai damar a je a gani. Na ce an rushe tun Nuwamba, da zanena. Ba ta ce kash ba, ba ta ce na gaya miki ba. Sai ta ce akwai takardar da ke ba ɗalibi damar zuwa bincike ƙasarsu a hutun bazara, in kawo ta sa hannu.

Na iso Zariya a watan Yuni, damina ta sauka, dutsen Kufena ya yi kore daga nesa. Gida ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An yi ruwa daren da na iso, ko ɗigo bai shigo ba. Shagunan Sabi'u cike da kaya, matarsa ta daina fama da gara, maƙwabta biyu har sun aiko a tambaye ni ko zan zana musu irinsa. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Malam na gaishe shi. Ya ce, “Lafiya. An dawo lafiya?” Yana zaune a kan buzu, ƙafafunsa sun kumbura saboda zama, sandar na jingine a kusurwa da ledarta ba a cire ba.

Kwana uku ina gidan ban ga ya wuce bakin ɗakinsa ba. A rana ta huɗu ina zaune a sabuwar hanyar da littafina a cinya, wai ina bincike, aka kira azahar. Sabi'u na shago da masu saye. Sai na ji motsi, na ga Malam ya fito ya tsaya, da hularsa da carbinsa. Ban san abin da ya tashe shi ranar ba. Ya yi gyaran murya. Tayil da silin suka watso masa ita ta ko'ina, ni kaina ban san daga ina ta dawo ba. Ya miƙa hannun hagu yana neman bango. Bangon na can nesa, don na faɗaɗa hanyar yadda mutum uku za su jera. Hannun ya tsaya a iska.

Na tashi na je na tsaya a ƙarƙashin hannun. Shekarata ashirin da tara, ban san nauyin hannun mahaifina ba sai ranar.

Ya ce, “Wa ke nan?”

Na ce, “Ni ce, Malam.”

Na ɗauka zai janye. Bai janye ba. Ya kau da fuska gefe, kamar Gwaggo na tsaye a can, ya ce, “A tambayi mai zanen, daga nan zuwa waje taku nawa ne.”

“Mita goma sha ɗaya da rabi,” abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ya ce, “Taku.”

Ban sani ba. Na zana hanyar nan sau ba adadi, na san kaurin kowane bango, amma ban san wannan ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na rufe idona na ce, “Bismillahi,” muka fara tafiya ina ƙirgawa a fili.

A taku na biyar na ji hannunsa ya danna kafaɗata. Ya sunkuya, ya ɗaga ƙafa sama, ya tsallake tayil mai santsi wanda ba komai a kansa. A na goma sha ɗaya ya sake, daidai inda ƙofar shigifa take a da. A na goma sha takwas ban jira hannunsa ba, na sunkuya na ɗaga tawa ƙafar muka tsallake tare.

Iskar waje ta taɓa mu. Ya saki kafaɗata, ya kai yatsu jikin katangar maƙwabcinmu, wadda har yanzu ta ƙasa ce, ya shafa sau ɗaya. Sai kawai ya miƙe ya bi lungu da saurinsa na da, ya kauce wa kwata, ya karya kwana, har da amsa gaisuwar wani. Na tsaya a bakin ƙofata mai faɗi ina jiran a idar da salla, don in ya dawo, daga nan ne zai ɓata.